Gwangwani a Kan Kabarin Andy Warhol

Kusan awa tara jirgin ƙasa ya kwashe da ni daga New York zuwa Pittsburgh. Ya ratsa Philadelphia, ya hau duwatsun Pennsylvania, muka isa bayan isha. Da safe na tsallaka kogin Allegheny a ƙafa ta wata gada mai ruwan ɗorawa da aka raɗa wa sunan Andy Warhol, shahararren mai zane na Amurka. Kaɗan gaba da ita gidan tarihinsa yake, bene mai hawa bakwai da aka buɗe a 1994.

Daga hawa na bakwai ake farawa, ana gangarowa tare da shekarunsa. A can saman na fi daɗewa, wajen hotunan yarintarsa. A garin nan aka haife shi a 1928. Iyayensa talakawa ne, 'yan ci-rani daga ƙauyen Miková da ke Slovakia ta yau. Uban lebura ne, ya rasu a 1942. Yaron ya yi jinyar wata cutar karkarwa yana ɗan shekara takwas, ya yi ta kwanciya a gida, uwarsa Julia tana kawo masa takarda da abin zane. Ita wannan baiwar Allah furanni take yankawa daga tsofaffin gwangwanaye, ta bi gida-gida tana talla.

Da na ji wannan sai zanensa na gwangwanin miyar kamfanin Campbell's ya canja a idona. A 1962 ya baje guda 32 a Los Angeles, aka yi ta yi masa dariya, wai wannan ai tallan kanti ne. Ni kuwa ɗan Julia na gani, wanda ya tashi a gidan da ba a raina gwangwani. Na tuna motocin da muke ƙerawa da gwangwanin madara muna yara, zuciyata ta yi nauyi.

Hotunan da ya yi na 'yar fim Marilyn Monroe na wuce su da sauri, duk da cewa ɗaya irinsu ya yi dala miliyan 195 a kasuwar gwanjo a 2022. Sun fi burge ni kwalayensa, sama da 600, da ya riƙa cikawa da wasiƙu da rasit da jaridu yana rufewa. Mutumin ba ya yarda abu ya zama shara.

Washegari na nufi Bethel Park, kudu da birnin, inda aka binne shi bayan ya rasu a 1987 sakamakon tiyatar maɗaciya. Maƙabarta ce ta ɗarikarsu a gefen tudu. Dutsen kabarin ƙarami ne, baƙi, iyayensa na kwance a bayansa. Masu ziyara sun jera gwangwanayen miya a kai, wasu sun fara tsatsa saboda ruwan sama. Iska ta kayar da ɗaya, na sunkuya na tayar da shi, na ɗaga kai na karanta sunan Julia a dutsen da ke sama.