Relin barandar Hajiya

Wayar Hajiya ce ta tashe ni daga Kaduna ranar Asabar. Ta ce jikanta ya jingina da relin barandar bene, ƙarfen ya yi baya da shi, Allah ne ya kiyaye. Ƙarfe bakwai na safe ina tashar Kawo. Kilomita kusan 80 ce zuwa Zariya, amma direbanmu ya tsaya ɗaukar buhunan masara har sau biyu, sai wajen tara na sauka a Kwangila, na hau keke zuwa Tudun Wada.

Ko ruwa ban sha ba na haura sama. Daga nesa relin lafiyarsa ƙalau, fentinsa baƙi wuluk. Da na durƙusa na danna gindin wani fayif da babban yatsa, sai ya rufta kamar ƙosai, jar tsatsa na zuba. Ashe ruwan damina ne ke taruwa a inda ƙarfen ya shiga siminti, ya kuma shiga cikin fayif ɗin ya kwanta. Daga Mayu zuwa Oktoba ana zuba shi a Zariya, mu kuwa duk salla sai mu sa a shafa fenti a kai mu ce an gyara.

Hajiya ta ce a yi na katako irin na gidan mahaifinta. Na ce, "Hajiya, gara fa?" Ta ce azarar gidansu ta girme ni, ta girmi ubana, gara ba ta taɓa ta ba. Gaskiyarta. Azarar giginya ce, kuma da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure rufin Masallacin Juma'a na cikin birni a zamanin Sarki Abdulkarim. Sai dai azara a cikin ƙasa take ɓoye, ba ruwanta da rana. Katakon baranda kuwa damina ta jiƙa shi, hunturu ya busar da shi ya tsage, sai in an dace da maɗaci mai kyau, shi ma da shafa mai duk shekara.

Bayan azahar na nufi Sabon Gari. Shagon farko sitenles ne, farin ƙarfen nan mai jure tsatsa, jere yana ɗaukar ido. Yaron shagon ya manna mayen ƙarfe a jikin fayif, mayen ya faɗi ƙasa, yaron ya ce, "Ka gani, Alhaji? Orijina ne." Na kusa biya. Wani dattijon mai walda da ke cin goro a gefe ya yafito ni.

"Ɗana, wannan gwajin ba ya raba komai. Da sitenles mai lamba 201 da mai lamba 304 duk maye ba ya kama su."

Ya ce 304 shi ne mai nikel sosai, kusan kashi 8 cikin ɗari, da kuromiyam kashi 18, shi ke jure ruwa. 201 an rage masa nikel, ya fi araha, kuma a waje yakan fara ɗige-ɗigen tsatsa, musamman a bakin walda. A ido kamar tagwaye suke. Na tambayi kuɗin 304, aka faɗa, na yi shiru ina lissafin tsawon barandar.

Alminiyam ba ya jar tsatsa, amma wanda na gani siriri ne, na tura shi da hannu ya lanƙwasa. Ga jikoki bakwai a gidan. Na siminti kuma nauyi gare shi, ban san ko simintin ƙasan tsohuwar barandar zai ɗauka ba, kuma in rodin cikinsa ya yi tsatsa fasa shi yake yi.

Baba mai walda ya ja ni rumfarsa, ya ɗauko guntayen fayif biyu ya ɗora min a tafin hannu. Ɗaya kamar gwangwanin madara, ɗaya mai kaurin milimita 2, galbanayiz, wato ƙarfen da aka lulluɓe da zinki. Ya ce wutar walda tana ƙone zinkin da ke kare ƙarfen, don haka duk inda ya haɗa sai ya goge ya shafa fentin kariya kafin na ado. Zai toshe kan kowane fayif, ya huda ƙaramin rami a ƙasa don ruwa ya fita, ya ɗora ƙafafun a kan faranti da noti maimakon binne su a siminti. Tsayi ya ɗan haura mita ɗaya, tsakanin sanda da sanda kada ya wuce inci huɗu saboda kan yaro. Sandunan kwance kuwa ya ce ba zai yi ba ko na ƙara kuɗi, tsani ne ga yara.

Muka shirya a kan galbanayiz, na ba da rabin kuɗi. Da magariba ya zo da tef ya auna, Hajiya na tsaye a kansa.

"Malam, kore nake so."

"Hajiya, ƙurar hunturu za ta mayar da shi ruwan ƙasa."

"To in ta mayar, ba ga jikoki ba? Su goge."

Na kwana, da safe na ɗaure ƙofar barandar da waya, na kama hanyar Kwangila da ledar dambun da ta cusa min a jaka.