Godiya daga mahaifiyar 'yar bakwaini

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi. Jiya likitan yara ya duba ɗiyarmu da ta cika shekara 2, ya ce ya sallame mu daga zuwa awon bakwaini. Bari in sauke nauyin godiyar da ke wuyana.

Cikinta na da sati 29 na haife ta, nauyinta kilo 1.1. Ko fuskarta ban gani ba aka wuce da ita kwalba. Kwana 52 muka yi a sashen jarirai na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Ranar suna an yanka rago a gida, mai sunan kuwa tana kwance da roba a hanci, ina tatsar nono a kofi ana ɗura mata.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Kwanakin farko tsoron taɓa ta nake yi. In na leƙa kwalbar sai in ji kamar ɗiyar wata nake kallo, in koma gefe in yi ta kuka ina tuhumar kaina. Wata Sista ce ta lura. Ta ce, "Mai jego, buɗe rigarki." Ta kwantar min da ita a ƙirji, daga ita sai nafkin da hula, ta ɗaure mu da zani. Jikinta ya yi ɗumi, numfashinta ya daidaita, ta damƙe min yatsa. Wallahi a ranar na ji lallai ni na haife ta. Sista, Allah Ya biya ki da Aljanna.

Goyon kangaru ake kiransa. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da zarar an haihu, aƙalla awa 8 a rana. Babanta bai ji kunya ba, bayan magariba yake karɓata, ya ɗaure ta a ƙirjinsa yana karatun Alƙur'ani a hankali. Har yau in ta firgita ƙirjinsa take nema.

Hajiya, surukata, na gode. Likita ya ce mu riƙa cire sati 11 da ta yi saura a ciki in za mu auna girmanta, har ta kai shekara 2. Da ta kai wata 8 ba ta zauna ba, masu tambaya suka dame ni, ke kike tare min su: "Ku cire mata kusan wata uku, ku bar yarinya." Ta zauna a wata 9, ta taka a wata 17.

Ƙannena da suka ba da jini, maƙwabtanmu na Ƙofar Ƙaura da ba su gaji da kawo kunun kanwa ba, limaminmu, likitoci da masu shara, Allah Ya saka da alheri.

Iyayen da na bari a ɗakin nan da waɗanda ke ciki yanzu, Allah Ya raya muku, Ya mayar da ku gida da goyonku.