Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Ƙuri'a ta Ba Ni Ɓangaren Noma

A makon jiya na tsaya a inda malaminmu na Turanci ya sanya sunana cikin ƙungiyar muhawara ta makarantarmu a shekarar 1982, ina aji huɗu na sakandare. Wata biyu bayan haka takardar gayyata ta iso: za mu kara da wata makarantar 'yan mata a gasar makarantun birnin Kano, a kan maudu'in cewa noma ya fi kasuwanci amfani ga Nijeriya. Ƙuri'a aka jefa, ta ɗora mana goyon bayan noma, Malam kuma ya ce ni ne babban mai magana.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ɗan kasuwa ne jikan ɗan kasuwa. Mahaifina yana da rumfar yadi a Kasuwar Kurmi, kuma da ribar wannan rumfa aka saya mini littattafai da kayan makaranta. Na ce wa Malam ba zan iya tsayawa gaban jama'a in rage darajar sana'ar gidanmu ba. Ya amsa cewa ba a tambaye ni abin da ke zuciyata ba, an ba ni amanar hujjojin wani ɓangare ne, kuma wajibi ne in fito da mafi ƙarfinsu ba tare da na yi ƙarya ba.

Tsarin gasar ba shi da wuya. Kowace makaranta tana kawo mutum uku, babban mai magana yana da minti biyar, sauran biyun minti uku-uku, sannan a ba babban minti biyu ya rufe. Mai kula da lokaci yana zaune da ƙararrawa, alƙalai kuma suna ba da maki a kan ƙarfin hujja, da ingancin Turanci, da tsabtar shiga, da natsuwa. Mafi yawanmu a lokacin haddace jawabi muke yi kamar karatun allo, wanda a ganina shi ne babban raunin muhawarar makarantu har yau, domin wanda ya haddace jawabi ba ya sauraron abokin karawarsa, jiran ƙararrawa kawai yake yi.

Da daddare bayan sallar isha'i na sami mahaifina a zaure, na durƙusa na gaya masa, ina tsammanin ransa zai ɓaci. Sai ya ce in karanta masa abin da na rubuta, in fassara masa da Hausa. Na kawo batun fari na farkon shekarun 1970, da madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo da noman rani na Kadawa, da shirin ciyar da ƙasa na 1976, da yadda ƙasar da ta yi suna wajen fitar da gyaɗa ta koma sayo shinkafa daga waje da kuɗin man fetur. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Duk wannan naka ne. Ina nasu?"

Na ce, "Baba, ai nasu su za su kawo."

Ya ce wanda bai san farashin maƙwabcinsa ba bai isa ya buɗe rumfa ba. Daga nan ya zama abokin karawata na kusan awa biyu. Ya tuna mini cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa Kurmi take ci, kuma fatake ne suka kai sunan Kano har Gwanja da ƙasashen Larabawa. Ya ce manomi ya daɗe yana shuka gyaɗa, amma sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka sami masu saye irin su Alhassan Ɗantata, sannan ta zama dukiyar da ake tara buhunanta dala-dala. Duk amsar da na bayar sai ya rushe ta, ya ce in sake, har na kai ga wadda ya yi shiru a kanta.

Ranar gasa zauren ya cika maƙil. Na gama minti biyar ɗina lafiya. Babbar mai maganarsu, wadda Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, ta miƙe ta kawo hujjar dalar gyaɗa kusan yadda Baba ya kawo ta, ta ce ɗan kasuwa ne ya gina dalar, zauren kuwa ya ɗauki tafi. Da lokacin rufewa ya zo, na ajiye takardata. Na ce na yarda ɗan kasuwa ne ya jera buhunan, amma ina roƙon alƙalai su tambayi kansu abin da ke cikin buhunan. Na ce 'yan kasuwar suna nan a Kano, layin dogo yana nan, filin dalar ma yana nan, amma tun da fari da cutar gyaɗa suka karya manomi a tsakiyar shekarun 1970 babu wanda ya sake ganin dala ko ɗaya. Ban cinye minti biyun ba na zauna.

Mun yi nasara da tazarar maki kaɗan, ita kuma aka ba ta kyautar wadda ta fi kowa iya magana, kuma ta cancanta. Da na koma gida na ba Baba labari, abin da ya fara tambaya shi ne ko na gaisa da yarinyar da malamanta bayan an tashi. Na ce ban yi ba. Ya ce idan muka sake haɗuwa in fara da wannan. Mun sake haɗuwa kuwa a zagaye na ƙarshe, wanda a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarinsa.