Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mini, Daga Unguwarmu Har Sulaimaniyya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdu lillahi. Jiya Juma'a na taka da ƙafata har masallaci, babu sanda, babu mai riƙe ni, karo na farko tun daren 18 ga Maris 2023, daren zaɓen majalisar jiha da na tsaya takara, da aka kai mana hari aka ji mini ciwo a ƙafa. Wata takwas ina sallah a kan kujera, jiya goshina ya taɓa ƙasa. Aka yi sallama mutane suka watse, ni kuwa na kasa tashi don kuka.

Kun ji yadda aka ƙare a Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma shari'ar kujerar majalisar jiha daga nan ba ta da gaba. Mun karɓi hukunci. Abin da ya faru a wurin tattara sakamako ba zan sake tona shi ba, kun gani a wayoyinku, wasunku ma suna wurin. Na gaji, iyalina sun gaji. Bashin godiya ne ya rage a wuyana, kuma ina so in rage shi tun ina da sauran numfashi.

Zan fara da ɗan adaidaita sahun da ya ɗauke ni. Ina kwance a cikin kwata bayan katangar makarantar da ake tattara sakamakon, ina jin ƙafar dama kamar ba tawa ba, ina jin takun masu gudu da ƙarar fashewar gilashi. A ran nan na yi kalmar shahada na sallama. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kada gari ya waye a kai wa Inna labari alhali ban yi mata sallama ba da zan fito. Sai ga hasken fitila, sai ga wani yaro da bai wuce sa'an ƙanena ba ya sunkuyo yana cewa, "Malam, kana da rai? Riƙe wuyana." Hoton ɗan takarar da nake hamayya da shi ne manne a gaban kekensa, na gani da idona lokacin da yake cusa ni ciki. A asibiti aka ce a ajiye wani abu kafin a shiga da ni. Kun tuna halin da ake ciki a lokacin canjin kuɗi: takardar naira ta yi wuya, a tura ta waya kuma kuɗi su maƙale a hanya. Ƙanena ya tura har sau uku ba su shiga ba. Yaron nan ya zaro baƙar leda daga ƙarƙashin kujerarsa, cinikinsa na yini guda, tsofaffin ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar duk sun yamutse, ya zube a kan tebur. Ya rantsar da ni kada in faɗi sunansa, kuma na san a al'adarmu ba a tona mai alheri. Amma 'yan tashar bakin kasuwa kun san shi. Idan kun gan shi ku gaishe shi da girma. Ƙanena, Allah Ya ba ka keke naka na kanka, Ya rufa maka asiri duniya da lahira.

Sai mutanen da yawancinku ba ku taɓa gani ba.

Shekara 6 na yi ina koyar da Turanci a Sulaimaniyya, a yankin Kurdawa na arewacin Iraƙi, daga 2015 zuwa 2021. Can ana kiran malami Mamosta, ana kiran babban mutum Kak, wato yaya. Akwai wani Kak da muka yi aiki tare, malamin lissafi, ɗan asalin garin Halabja da ke yankin. Da safe yana koyarwa a makarantar gwamnati, da rana ya zo tamu, da dare wani lokaci ya ja tasi. Ranar da na fara sallah a masallacin unguwarsu na saki hannuwana yadda muka tashi muka gani a gida, sai na ga ana ta satar kallona, don su Shafi'awa ne, sakin hannu a wurinsu alamar wata ɗariƙa ce daban. Shi ya kama hannuna ya kai ni wurin tsohon limaminsu. Da liman ya ji na ce Imamu Malik, sai ya yi murmushi ya ce ai Ibnul Hajib, babban malamin fiƙihun Malikiyya, ɗan Bakurde ne, saboda haka gida na zo. Ya ɗora hannu a kan idonsa ya ce "sar caw", wato a kan idona, yadda suke yi wa baƙo maraba. Daga ranar ban sake cin abincin Juma'a ni kaɗai ba.

Kwana uku bayan an ji mini ciwo ranar Nauroz ce, 21 ga Maris, sabuwar shekararsu, ranar da gari ke fita kan duwatsu a hura wuta a yi shimfiɗa a ci abinci. Matata ta kara mini waya a fuska. Sai ga Kak a gindin dutsen Azmar, ga tsofaffin ɗalibaina sun yi cincirindo a bayansa da kayansu na gargajiya. Ban san wa ya gaya musu ba. Ya dube ni da bandeji a kai, ya kasa magana, sai ya ɗaga hannu suka yi mini Fatiha a tsaye.

Cikin azumi likita ya ce sai an sake buɗe ƙafar a sa ƙarfe. A lokacin mun riga mun sayar da mota da filin da na saya da kuɗin koyarwar can. Sai ga saƙon kuɗi daga Sulaimaniyya, tare da hoton wata takarda da aka yago daga littafin rubutun ɗalibi. Sunaye 31 ne a jere da rubutun hannu, kowane da abin da ya bayar a gabansa: wannan dinari 5,000, wannan 10,000, wannan 25,000. Akwai mai sharar makarantarmu a ciki. Akwai mai shayin ƙofar makaranta da ya sha ba ni bashi. Ina so ku san su waye waɗannan mutane. Tun 2014, da Bagadaza ta datse wa yankin kasonsa na kasafi, farashin mai ya faɗi, yaƙi da 'yan ISIS ya taso, malaman gwamnati a can ba su sake sanin ranar albashi ba. A 2016 an yanke musu albashin da sunan tsimi, na ga sun rufe makarantu sun fito titi. A ƙarshen Maris na 2023, ina kwance, aka tsayar da bututun da ke kai mansu tashar Ceyhan ta Turkiyya. A ƙarshen 2023 ma malaman Sulaimaniyya sun yi yajin aiki kan albashin da ba a biya su ba. Waɗannan su suka biya kuɗin ƙarfen da ke cikin ƙafata. Na buga masa na ce Kak, ku da kuke bin bashin albashi? Ya ce Mamosta, kai ne ka yi nisa da mu, mu ba mu yi nisa da kai ba. Takardar nan na sa an wanke hotonta, tana cikin Alƙur'anina.

Masu tambayata me ya kai malamin makaranta cikin siyasa, ga amsarku, daga wurin mutumin nan na ɗauko ta. Ya taɓa kai ni Halabja. Yana ɗan shekara 9 ranar 16 ga Maris 1988 da jiragen Saddam suka zuba wa garin iskar guba, mutum kusan 5,000 suka mutu a yini ɗaya. Ya ce ƙamshin tuffa suka fara ji. Ya nuna mini jerin duwatsun kaburbura, ya tsaya a kan sunan mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata biyu. A hanyarmu ta dawowa ya ce mini duk wannan ya faru ne saboda mutum ɗaya ya riƙe ƙasa babu mai iya ce masa don me. Mutumin nan ba ya rasa jam'in asuba, kuma shi ne a sahun gaba ranar da malamai suka fita neman haƙƙinsu. A wurinsa duka biyun ibada ce. Na dawo gida na tarar da ajin da na yi firamare babu rufi, yara sun haura ɗari a ƙasa, sai na ji kunyar in ci gaba da cewa siyasa ƙazanta ce. Allah Ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da mu mayar da amana ga masu ita, kuma mu yi hukunci da adalci. Malam Aminu Kano ma alli ya ajiye a 1950 ya shiga wannan fage. Ban kama ƙafarsa ba, amma ban yi nadamar bin sawunsa ba, ko a daren da nake cikin kwata.

Uwargida, Maman yara, ban san da wane baki zan gode miki ba. Azumi guda kika yi a kan tabarma a barandar asibiti, kina buɗa-baki da ruwan leda da dabino, kina ɓoye mini hawayenki. Kin sayar da sarƙar aurenki ba ki gaya mini ba sai da na gani babu. Allah Ya saka miki da Aljannar Firdausi. Inna, na san ba ki so na shiga ba, amma da na shiga ba ki taɓa janye mini albarkarki ba. Ki yafe mini tashin hankalin da na jawo miki.

Liman na masallacin unguwarmu, wanda ya sa aka yi ta yi mini addu'a bayan kowace asuba ba tare da ya taɓa ambaton jam'iyya a kan mumbari ba, na gode, Allah Ya ƙara wa rayuwa albarka. Matasa 4 da suka ba da jini a daren farko, ɗayansu ɗan cocin da ke bayan layinmu ne, ya zo da rigar barci. Wakilanmu na akwati da suka riƙe takardun sakamako a cikin riga har gari ya waye, wasunsu ko kuɗin abinci ban iya ba su ba. Lauyan da ya shigar da ƙara cikin kwana 21 da doka ta ba mu, ina kwance ina sa hannu a kan gado, kuma har yau bai karɓi cikon kuɗinsa ba. Ma'aikaciyar jinya ta dare da ke juya ni kowane awa biyu, da mai gashin ƙashi da ya yi ta haƙuri da ihuna. Matan Islamiyyar unguwa da suka yi karo-karon hatsi. Allah Ya san ku ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma 'yan'uwa na jini da gidansu bai kai tafiyar minti 10 zuwa asibitin ba, wata takwas ban ga ƙeyarsu ba, ko a waya. Na san wasu suna tsoron a gan su tare da ni saboda inda suke ci. Ban riƙe kowa ba, kuma ƙofata a buɗe take. Sai dai Inna ta yi ta tambayar ku, ni kuma na rasa abin da zan ce mata.

Ya Allah, Ka saka wa duk wanda ya taimake ni da abin da ya fi alherinsa. Wanda ya ba da kuɗi Ka ninka masa, wanda ya ba da jini Ka ba shi lafiya, wanda ya yi addu'a a ɓoye Ka biya masa buƙatarsa a sarari. Ya Allah Ka jiƙan mutanen Halabja da duk waɗanda aka kashe bisa zalunci, can da nan. Ka warware wa malaman Kurdawa matsalar albashinsu, Ka ba ƙasarsu da tamu zaman lafiya. Yaran da aka ba ƙwaya da makami aka turo mana, Ya Allah Ka shirye su, Ka ba su sana'a, don wasunsu na san iyayensu. Ka ba wanda aka rantsar ikon riƙe amanar mazaɓarmu. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, da safe ina zuwa gashi. Darasin Turanci na yaran unguwa da muka dakatar zai dawo ranar Asabar mai zuwa a zauren gidanmu, ƙarfe 10 na safe, kyauta kamar da. A zo da littafin rubutu da biro. Kak ya ce in kira shi ta bidiyo a ranar, yana so ya ga ajin.

Wassalamu alaikum.