Kamun kifi da fatsa a Yauri idan ruwa na hawa da sauka

Kafin in ɗaura ƙugiya sai na kafa kara daidai bakin ruwa, in dawo bayan awa ɗaya. Idan ruwa ya haura gindinsa, gulbi na cika ke nan. Idan ya bar shi a tudu, ja yake yi. Wannan karan ne ke nuna min inda zan jefa fatsa.

Kogin Neja sau biyu yake kawowa a nan. Akwai farin ruwa na damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, sai baƙin ruwa da ke isowa daga ƙasar Gini lokacin hunturu. Ga kuma madatsar Kainji, wadda tun 1968 take sa ruwan ya taru ko ya janye.

Farin ruwa gurɓatacce ne, kifi ba ya ganin ƙoto, sansanarsa yake yi. A nan tana ko hanjin kaza nake sawa, da dalma ƙwaya biyu kamar taƙi ɗaya sama da ƙugiya, in jefa gefen ciyawar da ruwa ya shanye jiya. Tarwaɗa da ƙurungu can suke kiwo. Tsakiyar gulbi kuwa ɓata lokaci ne, igiyar ruwa za ta ɗauke ƙoton kafin ya kai ƙasa.

Baƙin ruwa na fi so, domin garau yake. Sai in cire dalma gaba ɗaya, in soke fara mai rai ta bayan wuya da ƙaramar ƙugiya, in jefa ta sama da inda kawara ke tsalle, ruwa ya gangaro da ita da kansa. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne tamke zare. Da zarar zaren ya miƙe, farar za ta riƙa jan layi a kan ruwa, kifi ya gane ba ta Allah ba ce, ya watse. A bar wa zaren sassauci, a kuma tsuguna, kada inuwa ta faɗa ruwa. Inda akwai tsage, kifin nan mai kaifin haƙora, a haɗa siririyar waya tsawon yatsa biyu, haƙoransa na datse zare nan take.

Ranar da kara ya nuna ja, ina barin bakin ciyawa in koma gurbi mai zurfi, in ƙara dalma ɗaya.