Kantun Bilma a gidanmu na Katsina

Kakata Hajiya ba ta taɓa yarda da gishirin leda ba. Kantu take so, mai launin ƙasa, irin wanda Buzaye ke ɗaukowa a raƙuma daga Bilma da Fachi, su ratsa hamadar Tenere, su sauko Agadas, har ƙasar Hausa. Da gero ake musanyarsa a can, don dabino da gishiri kaɗai ba sa riƙe ciki.

Ina ganinta tana farfasa shi da taɓarya, ta ware na awaki, ta ce, "Ɗan nan, dabbar da ba ta lasa ba ta ƙiba."

Ni dai mai aidin nake saya, saboda tsoron maƙoƙo. Amma ranar sa ranar ƙanwata, sai da na nemo kantu guda na haɗa da goro.