Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Kurame Suka Ƙure Ni

Makon jiya mun tsaya inda na dawo gida da takardar shaidar malanta ta NCE daga kwalejin horar da malaman ilimi na musamman da ke Oyo, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1977. Shekara uku na yi a can, ina cin amala ina kewar tuwon dawa.

Da Kawu ya ji inda aka tura ni aiki, sai ya ajiye butarsa ya ƙura mini ido. "Yanzu ɗan nan, duk wahalar karatun nan, bebaye za ka koyar?" Na ce, "Kawu, ranka ya daɗe, kurame ake cewa." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Daga jin muryar ka san ya ɗauka asara aka tafka. Dama ko malamin masu ji ba a ɗauke shi a bakin komai ba, balle ni.

Ranar Litinin na shiga aji ina ji da kaina. Yara sun kai ashirin, wasu a kan benci, wasu a tabarma. Na ce bari mu fara da abu mai sauƙi, ruwa. Na miƙe yatsu uku na taɓa haɓata, kamar yadda aka koya mana. Suka yi tsuru-tsuru. Na sake yi. Wani ɗan tsamurmurin yaro ya fita, ya dawo da moɗa cike da ruwa, ya nuna ta, sannan ya lanƙwasa tafinsa ya kai baki. Aji ya kece da dariya, har da masu bubbuga benci.

Ashe yatsun nan uku harafin W ne, farkon sunan ruwa a Turanci. Ina ruwan yaron da ya taso a Hausa da W? Alamomin da na haddace tushensu Amurka. Andrew Foster, wani baƙar fata kurma ɗan mishan, shi ya kawo su, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, ta Ibadan kuma a 1960. Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kafin zuwansa, da ita suke ciniki a kasuwa, da ita suke gulma a dandali. Ni ɗan Bahaushe, da takardata a jaka, ko gaisuwa ban iya da ita ba.

Sai na koma ɗalibi. Kullum bayan la'asar nakan je wajen wani tsohon kurma mai gyaran takalma a bakin kasuwa, in zauna kan gwangwani. In na yi kuskure, ya kama yatsuna ya murɗa su yadda ya kamata, hannunsa duk gam. Wata huɗu muna haka, kuɗin makarantar goro biyu ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za ku ji yadda ta kaya ranar da Kawu ya bi ta kasuwa ya gan ni a kan gwangwanin nan.